Shawarwari Kan Sayen Waya da Kwamfutar Tafi-da-gidanka

A wata tattaunawa kan abin da ya kamata a duba wajen sayen waya da kwamfutar tafi-da-gidanka, mafi yawan waɗanda suka yi magana sun yi ittifaƙi a kan cewa batir shi ne abin da ya kamata mai saye ya fara dubawa, domin batirin lithium da ke cikin wayoyi da kwamfutoci yana rauni da sauri idan ana barinsa ya ƙare ƙurmus ko kuma ana cajinsa cikin zafi. Wani ya ba da misalin yadda murfin bayan wayarsa ya kumbura har ya ɗaga gilashin, saboda ya saba barinta a caji ƙarƙashin matashin kai. Shawarar da aka fi maimaitawa ita ce a riƙe cajin tsakanin kashi 20 zuwa 80 cikin ɗari.

Game da kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa, an nuna cewa sauya tsohon faifan ajiya mai juyawa da na SSD (ma'ajiyar bayanai marar juyawa wadda ta fi sauri) yana farfaɗo da na'urar da ta tsufa fiye da duk wani gyara, kuma ƙwaƙwalwar RAM (wadda ke riƙe ayyukan da kwamfuta ke yi a lokacin) ta gigabait 8 ita ce mafi ƙanƙantar da za ta wadatar a yau.

An ɗan yi saɓani kan na'urar sauraren waƙa. Tun da kamfanin Apple ya daina ƙera tasa mai suna iPod a 2022, wasu na ganin waya ta maye gurbinta, amma a ganina masu son sauti mai tsafta ba tare da kiran waya ya katse musu ba suna da hujjar ci gaba da amfani da ita.