Ina aji biyu, ban san aikin da zan nufa ba

Ɗalibar aji biyu: Assalamu alaikum. Ina karanta ilmin halittu a jami'a. Duk wanda ya tambaye ni me zan yi bayan na gama sai in ce aikin ɗakin gwaje-gwaje, amma ban san ainihin abin da ake yi a can ba. Don Allah ta ina ake fara bincike?

Anti mai ɗaukar ma'aikata: Wa alaikumus salam ƙanwata. Fara da tallan neman ma'aikata, ko da ba yanzu za ki nema ba. Shiga LinkedIn, wato shafin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, rubuta sunan aikin, ki buɗe tallace-tallace da dama. Kada sunan muƙamin ya ɗauke miki hankali, gangara inda aka jero ayyukan yau da kullum da sharuɗɗa. Duk abin da kika ga yana maimaituwa, rubuta shi a littafi. Wasu na neman iya Excel, wasu rubuta rahoto, wasu kuma sai da lasisin hukumar da ke kula da sana'ar. Wannan na ƙarshe ki kula da shi sosai, domin akwai aikin da digiri kaɗai ba ya ba mutum izinin yi, kuma gara ki sani tun kina da sauran shekaru a makaranta.

Malamin jagoranci: Ki ƙara da shafin intanet na O*NET, kyauta ne, Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka ce ke ɗaukar nauyinsa. Akwai bayanin sana'o'i sama da 900, kowace da ayyukanta da ƙwarewar da take buƙata. Akwai kuma gwajin sha'awa da aka gina a kan nazarin masanin halayyar ɗan Adam John Holland, wanda ya fito da shi a 1959, ya kasa sha'awar aiki gida 6. Albashin da za ki gani a shafin na Amurka ne, kada ki yi lissafi da shi.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Malam, da girmamawa, gwajin sha'awar nan nuni kawai yake yi. Gani ya kori ji. Ƙanwata, aikinmu yawancinsa tsayuwa ne, da liƙa lamba a jikin kwalaben samfuri, da maimaita gwaji ɗaya sau da yawa ba tare da hankali ya gushe ba, domin lamba ɗaya ta kuskure sakamakon wani ya tafi ga wani. Ni ina son sa ƙwarai, amma na ga masu ƙoƙari da ya gundura. In hutu ya zo, nemi wurin da za su bar ki ki zauna ki kalla, ko na mako guda ne.

Ɗalibar aji biyu: Na gode ƙwarai. Sai dai ina jin nauyin tuntuɓar wanda ban sani ba.

Anti mai ɗaukar ma'aikata: Shafin jami'arku a LinkedIn yana nuna tsofaffin ɗalibai da inda suke aiki, fara da waɗanda suka karanta fanninki. Saƙon ya zama gajere: sunanki, abin da kike karantawa, da roƙon hira ta minti 15. Kada ki roƙi aiki. In sun amsa, tambaye su me suka yi jiya daga shiga ofis har tashi, da wane ɓangaren aikin ne ya fi gajiyar da su.

Malamin jagoranci: Ki leƙa ofishin jagorancin ɗalibai na makarantarku ma, sau da yawa suna iya haɗa ki da tsofaffin ɗaliban kai tsaye.