Tambaya kan kalmar 失业 ta Sinanci, ya ake furta ta a zamanin da?

Salam jama'a, don Allah masu ilimin Sinanci ku agaza, wata kalma ta tsaya min a wuya. Kalmar ita ce 失业, a tsohon rubutu 失業, da Mandarin ana cewa shīyè, wato rashin aikin yi. 失 rasawa, 業 sana'a, nan dai babu wata matsala.

Inda na maƙale shi ne furucin zamanin da. Na duba manhajar ƙamus ta Pleco, shi kam na yau kawai ya ba ni. Na koma ƙamus ɗin intanet na Wiktionary sai na tarar da syit (失) da ngjaep (業) a tsarin Baxter na rubuta tsohon furucin Sinanci da haruffan boko, to ni dai ban san ta inda harshe zai kama ngjaep ba wallahi. Sai na leƙa ƙamus ɗin Guangyun na shekarar 1008, can an bayyana 業 da haruffa biyu, 魚 da 怯, ka ɗauki sautin farkon na ɗaya ka haɗa da sautin ƙarshen na biyu, amma da na karanta su da Mandarin yú da qiè suka fito, babu ng babu p, ƙarshenta yè ɗin dai na sake samu. Abin haushin kuma masu Kantonis (Sinancin yankin Hong Kong) suna cewa sat jip, 'yan Vietnam thất nghiệp, Koriya sireop, duk p ɗin na nan a ƙarshe, su Vietnam ma har ng ɗin ba su yar ba.

To tambayata, idan zan furta 失業 da baki kamar mutumin zamanin daular Tang ta tsohuwar ƙasar Sin, wane sauti zan ba ngjaep ɗin nan? Na gode.