Shawarwarin waɗanda suka je Permet

Da aka zanta kan ziyarar Permet, ƙaramin gari a bakin kogin Vjosa a kudancin Albaniya, bakin kowa ya zo ɗaya: kada a yi gaggawa, a kwana biyu.

Abin da aka fi yabawa shi ne maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Benja, kusa da garin, a gindin tsohuwar gadar dutse ta zamanin Daular Usmaniyya ta Turkawa. Sai dai a yi sammako, don rana na ɗagawa wurin ya cika. Ga warin farar wuta kuma, a daure.

Kan abin hawa aka sha bamban. Wasu sun ce ƙananan bas sun wadatar, amma ni ina bayan masu cewa a ɗauki hayar mota. A riƙe tsabar lek, kuɗin Albaniya, a aljihu.