An sako ƙanena, amma hotonsa na nan a jarida

Ɗan Birni: Salamu alaikum ƴan uwa. Ƙanena ɗan kabu-kabu ne. Ya sauke fasinja a unguwar Kara-Kara nan Damagaram da dare, samame ya rutsa da shi. Washegari aka jera su a tsakar komisariya, wuƙaƙe da wayoyi a kan tebur, wata jarida ta sa hoton a shafinta na Facebook ta ce ƴan pale ne, wato ƴan daba. Kwana biyu aka sallame shi, ba a same shi da komai ba. Jaridar ta yi shiru. Ga aurensa bayan salla, surukai sun ga hoton. In je wurin ɗan jaridar ne, ko in nemi lauya?

Baban Zango: Allah ya kyauta. Ka ce wa yaron ya daina aikin dare.

Maman Biyu: Ɗana, ni na sha wannan. Mijina tela ne a kasuwar Dole, aka kawo masa keken ɗinki ya saya, ashe na sata ne. Ƴan jarida suka rubuta sunansa da na unguwarmu, da Faransanci ma, wanda shi bai iya karantawa ba. Ɗan maƙwabta ne ɗan lakwal ya karanta masa a bakin ƙofa, ina tsaye da tsintsiya a hannu. Kotu ta wanke shi, ba wanda ya zo ya rubuta. Masu kawo ɗinkin salla suka watse. Har ya rasu, in ya shiga masallaci sahun baya yake tsayawa. Lauya ya ci mana jika 150.

Na Tudun Jamus: Hajiya, Allah ya jiƙansa. Amma 150 ta yi yawa, ni jika 50 na biya bara.

Maman Biyu: Taka rigimar fili ce, na sani.

Malamin Lakwal: Dokar ƴan jarida ta 2010 ta ba wanda aka ambata haƙƙin mayar da martani, kuma ba a biyan ko dala. Ka rubuta takarda, ka haɗa da shaidar sallama. Shi ma ɗan jaridar ya san tun 2024 an mayar da hukuncin ɗauri kan ɓata suna ta intanet, zai saurare ka.

Baban Zango: Malam, ka taɓa shiga komisariya kuwa? Wa zai ba shi shaidar sallama? Buɗe ƙofa suke yi su ce tafi. A bar waɗanda abin ya taɓa su yi magana.

Malamin Lakwal: Alhaji, sai na kwana a ciki kafin in san doka?

Autan Garin Malam: Ni dai da za su sa hotona ina so, ko ƴan mata su san ina gari.

Na Tudun Jamus: Kai yaro, ba lokacin wasa ba ne. Ɗan Birni, ka kai sanarwa rediyo da Hausa, jika 2 ce. Surukan rediyo suke ji.

Maman Biyu: Jika 5 suka karɓa wurina, sau ɗaya aka karanta.

Ɗan Birni: Na gode. Ko babur ɗin ma ba su ba mu ba tukuna.

Baban Zango: Yauwa, ga maganar! Na yarona wata uku yana can cikin rana, da muka karɓo ba batir, ba madubi. Wace jarida ta taɓa ɗaukar hoton wannan tarin babura?

Autan Garin Malam: Alhaji, nawa ka biya kafin su sako shi?