Fos ko rami guda? Neman shawara kan gidan gona a hanyar Mirya

Mai Garka ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman shawarar masu sanin gini. Gidan gona ne a hanyar Mirya, mutum 12 za su zauna har da yara. Makewayi biyu na ciki, ɗaya na tsakar gida. Akwai rijiyar kankare a cikin garkar, gabas da gidan, da ita ake sha da ban-ruwa, ruwanta yana kan mita 9 da rani. Ƙasar sama jigawa ce, amma da aka haƙa tushen gini an tarar da tsakuwa mai tauri wajen mita ɗaya da rabi. Magini ya ce a haƙa rami guda mai zurfi, a zagaye shi da bulo, a bar gindinsa ba kankare, wai ba zai taɓa cika ba. Wani kuma ya ce sai fos, wato rufaffen tankin tara ƙazantar makewayi, mai ɗaki biyu da ramin tsotse ruwa daban. Wanne ya dace, girma nawa, kuma nisa nawa da rijiya? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Magini, Garin Malam:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yarda da rami mai buɗaɗɗen gindi a filin da ake shan rijiya. Wannan salga ce aka yi wa murfin kankare. Abin da ya sa ba ta cika, duk abin da aka zuba ƙasa yake bi, kuma ruwan da yake nufa shi ne wanda kuke ja da guga.

Aikin fos guda ne: ya tsare ruwan ƙazanta kwana ɗaya zuwa biyu, mai nauyi ya kwanta ya zama laka, maiƙo da kumfa su taso su yi ɓawo a sama, na tsakiya ya wuce. Saboda haka dole ya riƙe ruwa kamar randa.

Ga lissafin. In wanka da wanki za su shiga, ɗauki lita 60 ga mutum a rana, lita 720 ke nan. Na kwana biyu, 1,440. Laka ana ba ta kimanin lita 40 ga mutum a shekara, mutum 12 a shekara uku, wata 1,440. Jimla 2,880. Gidan gona ba ya rasa baƙi lokacin girbi ko biki, don haka a ƙara. A yi cikinsa tsawon mita 3, faɗin mita 1, zurfin ruwa mita 1 da santi 20, a bar santi 30 tsakanin ruwa da murfi. Zai ɗauki lita 3,600. Katangar tsakiya ta raba shi, ɗakin farko mita 2, na biyu mita 1. A bar kafofi biyu ko uku a jikinta, santi 60 zuwa 70 daga daɓe, wato inda ruwa ya fi tsabta, ba a ƙasa inda laka take ba. Samanta kuma kada ta taɓa murfi, a bar ƴar tazara iska ta ratsa.

Daɓen gindi kankare ne mai kaurin santi 15, buhun siminti ɗaya ga baro ɗaya na yashi da baro biyu na tsakuwa. Bango da toshasshen bulo na 15 ko na 20, ban da mai rami sai in za a cike shi da kankare. Shafen ciki hannu biyu, kaurin santi 2, da maganin hana yoyo irin Sika a cikin kwaɓin, a zagaye kusurwoyi domin nan yake fara tsagewa. Murfi santi 12 da rodi na 10 a saƙa kowane santi 15, da ƙofa ta santi 60 a kan kowane ɗaki. Masu rufe fos ruf ba ƙofa, ranar kwashewa sai da guduma.

A yi ta yayyafa wa kankaren ruwa safe da yamma har kwana 7, a rufe shi da buhuna. Iskar hunturu da zafin bazara a nan suna busar da siminti kafin ya kama, kuma mafarin yawancin tsagewa ke nan. Kafin a mayar da ƙasa a cika shi da ruwa, a bar bango ya sha na kwana ɗaya, a ƙara, a yi alama. In bayan awa 24 ya sauka fiye da yatsa, a nemi wurin a gyara tun babu ƙazanta a ciki.

Ma'aikacin Ruwa:

Abin da Baba ya faɗa a kan ginin daidai ne, ba ni da abin ƙarawa. Amma Malam, kafin ka sayi buhun siminti ko ɗaya, san inda lita 720 za su riƙa tafiya kowace rana. Fos ba ya shanye ruwa, kuma ruwan da yake fitarwa, duk da ya yi haske, cike yake da ƙwayoyin cuta. Ƙasa ce take tace shi. Nan ne aiki yake lalacewa a yankinmu, domin ƙasar Damagaram ba iri ɗaya ba ce. Birnin kansa a kan dutse yake zaune, shi ya sa ma ruwan shansa daga nesa ake jawo shi, daga su Gogo-Macaya da Arungguza. Ka gangara kudu ta Korama, wajen Matamaye da Magarya, akwai fadamun da ruwa yake kusa da sama ƙwarai. Tsarin da ya yi a wuri ɗaya ba zai yi a ɗayan ba.

Mita 9 da ka ambata na rani ne, ba shi ake aiki da shi ba. Leƙa rijiyar ka duba shatin da ruwa ya bari a jikin kankare a ƙarshen damina, wajen Satumba ko Oktoba. Daga gindin wurin tsotsewa zuwa wannan shatin a samu aƙalla mita 2 na busasshiyar ƙasa. Nisa da rijiya kada ya gaza mita 30, kuma ta ɓangaren gangare, yadda ruwa zai bi ya yi nesa da ita. In akwai tsagaggen dutse a ƙasa, ka kai 50 in fili ya ba ka, domin ruwa yana bin tsaga ya yi tafiya mai nisa ba tare da an tace shi ba. Rijiyar maƙwabci ma a lissafa da ita.

Sai gwajin ƙasa, wanda ba ya cin komai sai jarka biyu ta ruwa. Haƙa ramuka uku a wurin da kake so, santi 30 faɗi, ɗaya zurfin santi 70, ɗaya mita 1, ɗaya har kan tsakuwar nan mai tauri. Cika su da ruwa tun yamma, ka yi ta ƙarawa, su kwana a jiƙe. Wannan jiƙon shi ne gwajin, domin jigawar rani tana shanye guga nan take ta ruɗe ka, alhali a watan Agusta ba haka za ta yi ba. Da safe zuba ruwa santi 30, kafa sanda mai alama, ka ƙirga mintin da zai ɗauka kafin ya sauka santi biyu da rabi. Ƙasa da minti ɗaya, yashin ya cika gautsi, ba ya tacewa, a ƙara nisa da rijiya. Daga nan zuwa minti 30, lafiya lau. Ya haura 30, manta da rami mai zurfi. Ya haura awa ɗaya, canza wuri.

In ƙasa ta yarda da rami, jikinsa kawai ake lissafawa, gindi yana toshewa da wuri. Rami mai faɗin mita ɗaya da rabi, zurfin mita 3 ƙasa da tiyo, jikinsa murabba'in mita 14 ne. Jigawa mai kyau tana shan lita 30 zuwa 50 a kowane murabba'i a rana, wato 420 zuwa 700. Ka ga ko a ƙasa mai kyau rami ɗaya da ƙyar zai ɗauke gidanka. Ana gina shi da bulo a bar kafofi tsakani, a zuba tsakuwa santi 15 a bayansa, sai santi 50 na sama a shafe shi sosai don kada ruwan sama ya kwararo ciki.

Mai Aikin Famfo, Sabon Gari:

Ni ta wajen tiyo zan sa baki, domin rabin kiran da ake yi na "fos ya cika" ba cika ya yi ba, tiyo ne ya toshe.

Tiyon roba na PVC mai faɗin milimita 100 ko 110, kada a yarda da ƙarami. Gangare santi 2 a kowace mita, a auna da ma'aunin ruwa, ba da ido ba. Ya yi kwance, kashi ya tsaya. Ya cika tsayuwa, ruwa ya gudu ya bar shi a baya. A shimfiɗa shi a kan yashi, ba a kan duwatsu ba. Duk inda hanya ta karya a gina ɗan akwatin dubawa mai murfi, kuma gwiwa biyu ta 45 ta fi guda ta 90.

A cikin fos, bakin shiga da bakin fita kowanne a sa masa tiyo mai siffar T, sama a buɗe. Na shiga ya nutse santi 30 cikin ruwa don kada ya dama ɓawon sama, na fita ya nutse kamar santi 45. Na fita ya zama ƙasa da na shiga da santi 7. Magina da yawa suna ƙyale wannan T na fita, abin da bai kai kuɗin buhun siminti ba, sai maiƙo ya bi ruwa ya je ya liƙe jikin ramin tsotsewa. Ramin da maiƙo ya liƙe ba ya gyaruwa, sai a haƙa sabo.

Tiyon shaƙar iska ya haura rufin gida da santi 50, a ɗaure masa ragar sauro a baki, in ba haka ba ka gina wa sauro gida. Kowane makewayi da lanƙwasar da ke riƙe ruwa, ita ke tare wari. Ruwan madafa ya fara bi ta ƙaramin akwatin tare maiƙo, musamman da yake ana goge tukwane da toka da yashi, su kuma ba sa ruɓewa. Fos ya yi nesa da bangon gida mita 5, kuma kada a dasa dogon yaro kusa, saiwarsa tana bin danshi ta shiga mahaɗin tiyo. Wajen kafa mazaunan kuma a tuna da alƙibla tun kafin a zuba daɓe, daga nan gabas take ta ɗan karkata arewa.

Hajiya Mai Tsabta:

Ni kam ina da ja a kan lita 60. Gidan da rijiya ce ruwansa, ko da injin rana da tanki a sama, bai kamata ya tura ruwan wanka da wanki cikin fos ba. A ware su, a bi da su ta ƙaramin ramin tsakuwa kusa da shuke-shuken da ba a cin ganyensu ɗanye. Makewayin zuba-da-bokiti lita 2 zuwa 3 yake ci, mai tanki 6 zuwa 9. In bahaya da tsarki kaɗai ke shiga, lita 20 ga mutum ta isa, 240 a rana, kashi ɗaya cikin uku na lissafin farko. Girman fos a bar shi yadda Baba ya ce, zai daɗe bai cika ba, amma wurin tsotsewa ya ragu sosai.

Ranar fara amfani a cika shi da ruwa, a zuba bokiti biyu na lakar tsohon fos ko ɗanyen kashin shanu. Bayan nan ban da baƙin mai, kananzir, magungunan wanke makewayi irin girezil da jabel mai yawa, suna kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazantar. Leda, ƙunzugun yara na zamani da audugar mata su ma ba sa narkewa, a ajiye musu bokiti mai murfi. Sau ɗaya a shekara a naɗe sanda da farin tsumma a zura har gindi a ɗakin farko. In baƙin ya kai rabin zurfin ruwa, a kira motar kwashewa, a bar ƴar laka a ƙasa ta zama iri. Don haka tun yanzu a bar hanyar da mota za ta iso, amma kada ta hau kan murfi. Kuma don Allah kada a tura yaro ciki da bokiti, kada a leƙa da ashana ko taba. Iskar ciki tana kama wuta, tana kuma sumar da mutum kafin ya yi kira, mai shiga ceto shi ma ya faɗi.

Mai Garka ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. An yi gwajin yamma da gidan, mita 40 daga rijiya, kuma nan ne gangare. Ramin santi 70 da na mita 1 sun sauka cikin minti 12. Na kan tsakuwar kuwa har azahar ruwa na tsaye. Shatin damina a rijiya yana kan mita 6. Za a ware ruwan wanka kamar yadda Hajiya ta ce.

Ma'aikacin Ruwa:

To, rami mai zurfi ya fita, domin da ya ratsa mita ɗaya da rabi tafki zai zama. Lambatun tsakuwa za ka yi a cikin jigawar sama. Faɗi santi 60, zurfi kada ya wuce 70, don a bar ƙasa mai tacewa tsakaninsa da tsakuwar. Wankakkiyar tsakuwa santi 30 a ƙasa, a kanta tiyo na 100 mai huji a gefen ƙasa kowane santi 15, gangare rabin santi a mita kawai, tsakuwa santi 5 a samansa, a shimfiɗa buhunan hatsi don kada yashi ya zubo, sannan a rufe. A ƙasa irin taka ɗauki lita 25 ga murabba'in mita. Lita 240 na son murabba'i 10, lambatu kimanin mita 17 ke nan, amma yi layi biyu na mita 10, mita 2 tsakaninsu, da akwatin rabawa mai daɓe a daidaice don su sha ruwa daidai. A bi su a gicciye da gangaren fili, ba a miƙe da shi ba.

Wannan yana nufin bakin fitar fos ba zai wuce santi 30 ƙasa da doron ƙasa ba, murfinsa zai ɗan ɗago sama kamar santi 10, wanda ma ya fi saboda ruwan damina. Gaya wa magini ya fara awo daga lambatun ya dawo baya zuwa gida kafin ya zuba daɓen makewayi. Inda tiyon gida ya yi kusa da sama a lulluɓe shi da kankare, filin lambatun kuma a kewaye shi da ƙaya don kada amalanke da shanu su bi ta kai.