Da zuciya ta yi muku nauyi, wa kuka nufa?

Mai ɗinki, Birni

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina juya wannan magana a raina, yau dai na ce bari in fitar da ita. Maigidana ya rasu a damanar 2024. Ina cikin takaba ruwan nan da ya kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram a farkon Satumba ya ci ɗakuna biyu na gidanmu. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Ɗakunan an tayar da su, ni ce ban tashi ba. Da an yi sadakar arba'in kowa ya kama gabansa, gida ya yi tsit. Na fita takaba, wata huɗu da kwana goma cif, aka ce to sai a koma sana'a. Keken ɗinkina yana nan lulluɓe da zane, in na zauna gabansa sai in yi ta kallon allura. Barci ba ya wuce ƙarfe biyu na dare. Hadari ko kaɗan ya taso, sai in tattara yara bakin ƙofa da takalmansu a ƙafa. Ina salla, ina azkar. Duk wanda na soma gaya wa sai ya tare ni da "ki yi haƙuri", wata ma cewa ta yi ni kaɗai aka taɓa yi wa mutuwa? Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan, don Allah me ya fisshe ku?

Ɗan kasuwa, Dole

Allah ya jiƙan maigida, Hajiya. Tawa ba ta kai taki ba, amma ta kusa tafiya da ni. Kaya nake ɗaukowa daga Kano ta hanyar Matamaye. Da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya bayan juyin mulkin Yulin 2023, jarina ya narke kamar gishiri a ruwa, kafin a buɗe a watan Maris na 2024 bashi ya kai mini iya wuya. Na daina zuwa fada, wato majalisarmu ta hira, don in an miƙo mini shayi gani nake kowa lissafin bashina yake yi. Ranar Alhamis, ranar da kasuwa take cika, ni ina ɗaki na kashe waya. Wani yaro ya ce tramol yana sa a manta. Na sha na kwana uku, na manta da sallar la'asar, bashin ko bai manta da ni ba.

Limamin masallacinmu ne ya lura sahuna ya yi gibi. Bai aiko a kira ni ba, da kansa ya zo bayan asuba ya ce in raka shi gona. Mun yi tafiya mai nisa bai ce uffan ba, har sai da ni na fara zuba. Da na gama, ce mini ya yi, "Nawa ne, kuma su wa ke binka?" Ka ji tambaya. Ya sa na rubuta a bayan takardar siminti, mutum biyar. Cikin sati biyu ya zaunar da ni da huɗu daga cikinsu a zaurensa, aka yanka mini abin da zan riƙa biya duk wata. Na biyar ya ƙi zuwa, har yau ba ma gaisawa sosai. Daren da aka gama zaman nan na yi barcin da na yi wata shida ban yi ba. Addu'ar neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da nauyin bashi ma shi ya koya mini, amma sai bayan an yi lissafi.

Maman 'yan biyu, Garin Malam

Yaya, ni bayan haihuwa abin ya same ni. Ana wankan jego, ana dama mini kunun kanwa, 'yan barka na shiga suna fita, ni kuwa in na kalli jariran ba na jin komai sai tsoro. Kuka nake yi a makewayi don kada uwar mijina ta gani. Aka ce iska ce. Aka kai ni wurin wani mai ruƙiya a bayan gari, ya toshe ɗaki da hayaƙi, yana tsawa wai aljanin ya faɗi sunansa, har da tsumagiya a bayana. Jika talatin da ɗan akuya suka tafi. Na dawo da tari da tabo, tsoron kuma ya ninku.

Ranar awon yara ungozomar asibitin unguwa ta dube ni ta ce, "Su dai sun ƙaru, ke fa?" Wallahi tun da na haihu ba wanda ya tambaye ni ni fa. Ta rufe ƙofa, na yi kuka na ƙoshi. Ta tura ni wurin likita, aka ba ni magani da ya dace da mai shayarwa. Sati biyun farko ban ga komai ba, na so in watsar. Cikin na huɗu na tsinci kaina ina yi wa Hassana wasa. Kakana yana yi mini rubutu har gobe, ina sha, yana tofa mini addu'a a ka. Shi bai taɓa dukan kowa ba.

Majo (babban nas), asibitin ƙauye wajen Mirya

Bari in sa baki ta fuskar aiki. Baƙin cikin mutuwa ba ciwo ba ne, kowa da irin tsawon nasa. Abin da muke dubawa shi ne in ƙuncin ya wuce sati biyu kusan kullum, mutum ya daina jin daɗin abin da ya saba so, barci da ci suka lalace, aiki ya gagara. Mafi yawan masu zuwa wurina ba sa cewa damuwa. Cewa suke kaina na zafi, gabana na faɗuwa, jikina ya mutu, a yi mini ƙarin ruwa. Sai an zauna da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna gamuwa da irin abin da Maman 'yan biyu ta faɗa, a ƙasashe masu tasowa kuma ya fi haka. Maganin yakan ɗauki makonni kafin ya kama, kuma ba a yanke shi rana ɗaya don an ji sauƙi. Ba kowa ne ma yake buƙatar ƙwaya ba, wani zama da magana a kai a kai ya ishe shi. Amma wanda ya fara cewa gara ya mutu, ko mai jego da ta daina barci ɗungum tana jin muryoyi, wannan ba a kwana da shi, kuma ba a barinsa shi kaɗai a ɗaki.

Dattijo, Zango

Ni dai ban gane ba. Mun ga yunwar 1973 da ta 1984, mun binne 'ya'ya, ba mu san wani ciwon damuwa ba. Dangana ce ta yi ƙaranci.

Malamar lakwal, Sabon Gari

Baba, Allah ya ƙara girma. Innata ta binne 'ya'ya uku, kunya ta hana ta zubar da hawaye gaban mutane, kowa na yaba dangana tata. Mu da muke kwana ɗaki ɗaya da ita mun san shekara nawa ta yi tana zaune a bakin gado har asuba. Ba ta san sunansa ba ne kawai.

Malamin makarantar allo, Birni

Alhaji, a yi mini afuwa in ɗan ƙara. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin Yusufa har idanunsa suka yi fari, yana nan cikin Suratu Yusuf, kuma Allah bai zarge shi da ƙarancin imani ba. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. Nana A'isha kuma in an yi rasuwa, bayan mata sun watse, takan sa a dama talbina, wani kunun sha'ir, a ba mutanen gida, saboda yana kwantar da zuciya. Ku lura, bayan an watse. Mu nan a kwana ukun farko muke cika gida da kwanuka, ranar da ake buƙatarmu kuma mun tafi.

Game da masu duka da sunan ruƙiya, ruƙiya karatu ne da addu'a. Ni in aka kawo mini mutum na yi masa abin da na sani, na ga sati ya zagayo bai ci bai yi barci ba, da kaina nake cewa a tafi asibiti, don an umarce mu da neman magani. Wasu 'yan'uwana malamai suna ganin hakan rage daraja ne. Su suka sani.

Wadda ta dawo daga Aljeriya, Kance

Mu an zubar da mu kan iyaka da dare, muka tako kilomita kusan 15 zuwa Asamaka, ina goye da yaro. Na dawo gida hannu wofi, ana yi mini kallon wadda ta je ta kasa. Har yanzu ƙarar babbar mota in ta tsaya ƙofar gida jikina rawa yake. Mu shida ne a garinmu da muka sha wannan hanya, muka kafa ɗan foyandi, wato taron adashin mata, dala ashirin-ashirin duk Juma'a. Kuɗin ba komai ba ne. Wurin ne kaɗai zan ce na yi mafarkin rairayi ba wadda za ta ce mini in yi shiru. Hajiya, ki nemi wata da ta yi takaba kafin ke, ko guda ɗaya.

Mai ɗinki, Birni

Na gode, Allah ya bar zumunci. Baba na Zango, ban ji haushi ba, haka mahaifina ma yake cewa. Majo, abin da ka lissafa duk ina da su ban da na ƙarshe, kuma yau wata nawa ke nan. Na gaya wa ƙanwata, ta ce ranar Litinin za ta bar wa kishiyarta girki ta raka ni asibiti. Akwai wata gwaggo a lungunmu da mijinta ya rasu shekara uku da suka wuce, kullum sai dai mu gaisa a bakin famfo. Ɗazu na aika yaro ya ce mata ina nan zuwa bayan isha'i. Maman 'yan biyu, da kika je wurin likitan, me kika fara ce masa? Ni abin da ke ba ni tsoro ke nan, kada in zauna in rasa ta inda zan soma.