Neman shawara: gurnanin janareta ya shiga muryar mawaƙi, tacewa kuma tana ɓata ta

Mai tambaya, daga Gusau:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina da yayyena a wannan sana'a, ina neman shawararku a kan wata murya da gyaranta ya gagare ni. Waƙar biki ce ta wani mawaƙi mai kaurin murya, mun ɗauke ta da rana lokacin da babu wuta, saboda haka janareta muka tayar a bayan ɗaki, ga kuma fanka tana juyawa saboda zafi. Da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio nake aiki, makirufona kondensa ne, yana shiga kwamfuta ta katin sauti. Idan kiɗa yana tafiya tare da muryar ba a jin matsala sosai, amma da na ware ta ita kaɗai sai na ji gurnani a ƙasa wanda ba ya yankewa, da hucin fanka a samansa, sannan a wurin amshi, inda mawaƙin ya ɗaga murya, akwai wuraren da sautin ya fashe.

Na shigar da muryar cikin Edison, kayan gyaran sauti na cikin FL Studio, na ɗebi samfurin ƙarar daga wurin da ya yi shiru, na tace. Gurnanin ya ragu ƙwarai, sai dai muryar ta koma kamar mutum yana waƙa a cikin ruwa. Da na sa ƙofar sautin (mai toshe sauti idan ya yi rauni) da ke cikin Fruity Limiter na FL Studio don ta rufe tsakanin baitoci, sai ƙarshen kalmomi ya riƙa guntulewa, Auto-Tune mai daidaita karin murya kuma yana rawa duk inda mawaƙin ya sauko ƙasa. Shi mawaƙin ya tafi Maraɗi, ba zai dawo kafin ranar kamu ba, dangin amarya kuwa suna jiran waƙarsu. Da me ya kamata in fara, kuma har ina za a iya tace murya ba tare da an kashe ta ba?

Wani dattijon mai situdiyo, daga Kano:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka koma kan muryar ta asali wadda ba ka taɓa ba, ka ajiye kwafinta a gefe, domin abubuwa uku ne ke damunka, kai kuma ka ba su magani ɗaya.

Gurnanin nan na ƙasa shi ne mafi sauƙin kamawa, don yana da mazauni. Wutar lantarkin Najeriya da Nijar tana tafiya ne a kan 50 Hz, wato zagaye 50 a daƙiƙa, janaretocinmu ma haka aka ƙera su, shi ya sa gurnanin wuta ke zama a 50, da 'ya'yansa a 100 da 150 da 200. Masu koyarwa a YouTube da yawa 'yan Amurka ne, 60 suke cewa, saboda tasu wutar ke nan, kuma na ga yara da dama suna yanke 60 da 120 suna mamakin me ya sa gurnanin bai gusa ba. Ka buɗe Fruity Parametric EQ 2, mai rage ko ƙara wani yanki na sauti, ka sare duk abin da ke ƙasa da 80 Hz, wannan zai tafi da uwar gurnanin. Ragowar kuma ka bi su ɗaya bayan ɗaya da siririn yanka, siriri sosai, domin muryar namiji mai kauri tana zaune ne a daidai wannan yanki na 100 zuwa 150, idan ka faɗaɗa yankan za ka kwashe masa ƙirji. Ka kuma lura cewa ƙaramin janareta ba ya tsayawa cak a kan 50. Idan aka ɗora masa nauyi gudunsa yana raguwa, gurnanin ya ɗan sauka, don haka ka dubi hoton sautin ka ga ainihin inda layin yake kafin ka yanke. Rawar da Auto-Tune yake yi ma daga nan take, yana neman muryar ne gurnanin yana ruɗa shi, saboda haka ka sa Auto-Tune bayan wannan aikin.

Sai bayan gurnanin ya tafi za ka sake ɗibar samfurin ƙarar, wanda yanzu hucin fanka kaɗai ya rage a ciki. Abin da ya sa muryar ta zama kamar a cikin ruwa a hannunka shi ne manhajar tana rarraba sauti gida-gida, duk gidan da bai fi samfurin ƙarfi ba ta danne shi, idan ka tsananta mata sai ta riƙa buɗe wasu gidaje tana rufe wasu a cikin muryar kanta. Ka rage kamar 6 dB kawai (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne), in bai isa ba ka sake wani ɗan kaɗan. A manhajar Audacity, wadda kyauta ce, akwai zaɓin Residue da ke jiyar da kai abin da ake cirewa. Idan ka saurara ka ji kalmomin mawaƙin a cikin sharar, to ka wuce gona da iri, ka ja baya. Kuma kada ka yanke hukunci da muryar ita kaɗai. Babu wanda zai saurare ta haka a wurin biki, da kalangu da fiyano a kanta za a ji ta, su kuwa suna rufe huci mai yawa.

Wata mai tace sauti a gidan rediyo, daga Kaduna:

Baba ya gama magana a kan gurnani, ni a kan ƙofar sautin zan tsaya, ƙanena, kuma shawarata ita ce ka cire ta gaba ɗaya. Yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa, mawaƙi kuma yana jan wasalin ƙarshen baiti yana sauke shi a hankali, ita kuwa ƙofar ba ta san wannan ba, da zarar ƙarfin ya faɗi ƙasa da inda ka sa mata sai ta rufe. Waƙa ɗaya ce, ba za ta ci maka lokaci mai yawa ba idan ka bi ta da hannu. Ka yanke shirun da ke tsakanin baitoci da kanka, kowane yanka ka sa masa ɗan gajeren shiga da fita don kada ya yi ƙas, na ƙarshen baiti kuma ka tsawaita shi ya bi wasalin har ya mutu.

Numfashi kada ka goge shi. Ka rage masa ƙarfi kawai, musamman wanda mawaƙi ke ja kafin ya shiga amshi, domin idan babu shi kunne yana jin an ɗinka waƙar, ko da mai sauraro bai san abin da ya dame shi ba.

Akwai kuma wani abin da ya shafe mu mu masu aiki da Hausa. Idan ka samu manhajar gyaran sauti ta iZotope RX za ka ga Mouth De-click, mai cire taunar baki da ƙarar yawu, yana aiki da kyau. Sai dai ƙ da ts ɗinmu da ɗan fashewa mai kaifi suke fita, kuma idan aka ƙure masa ƙarfi aka sake shi a kan muryar duka yakan lashe kaifin nan, ka ji ƙauna ta fara kama da kauna, tsari ya yi laushi. A waƙar biki da ake ambaton sunayen dangi da kirarinsu, wannan ba ƙaramin aibi ba ne, don mai suna yana kasa kunne ne ya ji nasa. Ka zaɓi wurin da ƙarar bakin take kaɗai ka gyara shi. Haka ma mai rage kaifin s da sh, wanda ke aiki wajen 5 zuwa 8 kHz, ka sa shi da sauƙi, in ba haka ba mawaƙin zai koma mai tsamin baki.

Wani matashin furodusa, daga Jos:

Da girmamawa ga manya, ni ina ganin akwai hanya mafi sauri. Yanzu akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke raba murya da ƙara cikin ɗan lokaci, ya loda muryar kawai ya karɓi mai tsabta, tunda lokaci ya ƙure masa.

Dattijon mai situdiyo ya sake cewa:

Ya gwada, ban hana ba, amma ya san irin wadda zai ɗauka. Irin su Enhance Speech na Adobe don magana aka yi su, kuma ba share ƙara kawai suke yi ba, sake gina muryar suke yi bisa abin da suka koya. A kan waƙa sukan taɓa jan murya da karkarwarta, har su sauya harafin da ba su gane ba. Idan zai yi, ya ajiye sakamakon a layi na daban, ya saurare shi baiti-baiti kusa da na asali, ya ɗauki inda ya yi kyau kaɗai.

Ban taɓo fashewar ba ɗazu. Wannan ita ce mai wuya, domin sautin ya kai 0 dB an aske masa kai tun wurin ɗauka, abin da aka aske kuwa ba ya cikin fayil ɗin. De-clip na RX da Clip Fix na Audacity zato suke yi su cike gurbin, suna iya ceton ɗan gajeren wuri, ba sa iya ceton dogon jan murya. Amma amshi maimaituwa yake yi. Ka duba ko akwai zagayen da ya fita lafiya, ka kwafe shi ka ɗora a madadin waɗanda suka fashe.

Wani mai situdiyo, daga Maraɗi:

Ɗan'uwa, tunda mawaƙin yana garinmu, idan amshin bai ceto ba ai ba sai ya dawo Gusau ba. Ka turo masa kiɗan da muryar jagora, ya shiga kowane situdiyo a nan ya sake amshin kaɗai. Ka gaya musu adadin samfurin sauti a daƙiƙa da ka ɗauka da shi, 44.1 ne ko 48 kHz, su ɗauka a 24-bit, ƙololuwar muryar kada ta wuce wajen -10 dB, tazararsa da makirufo kamar taƙi ɗaya da tankaɗen iska a tsakani, kuma kada su sa mata komai, ɗanya za su ba ka. Su turo fayil ɗin WAV, wanda ba a matse ba, a matsayin takarda ta WhatsApp, kada su turo ta a saƙon murya, don saƙon murya matse sauti yake yi ya zubar da wani abu daga ciki. Ɗaki da makirufo za su bambanta da naka, amma da yake amshi ne kuma za ka ninka shi, bambancin ba zai fito fili ba.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na bi tsarin Baba, na tarar layin gurnanin yana ɗan ƙasa da 50, da na yanke shi da 'ya'yansa sai Auto-Tune ya natsu. Na cire ƙofar sautin kamar yadda Anti ta ce, ƙarshen baitoci sun dawo. Amshi na biyu ya fita lafiya, shi na kwafa, don haka ba sai na wahalar da mawaƙin ba, amma na gode ƙwarai, ɗan'uwana na Maraɗi. Abin da ya rage shi ne da na sa kwamfuresa hucin ya ɗan taso. Sannan ina so in san yadda zan gane ko gurnanin ta waya yake shigowa ko ta iska, saboda aiki na gaba.

Dattijon mai situdiyo:

Kwamfuresa tana danne mai ƙarfi ne, kai kuma ka ɗaga duka, dole huci ya taso tare. Ka fara daidaita ƙarfin baitocin da hannu, masu rauni ka ɗaga, masu ƙarfi ka sauke, sannan ka bar mata 3 zuwa 4 dB kawai ta danne. Gwajin kuwa, ka bar janareta yana aiki, ka kunna ɗauka cikin shiru, sannan ka zare cajar laftof ɗin ta koma kan batir. Idan gurnanin ya ɗauke, ta wuta yake shigowa, sai ka riƙa ɗaukar murya a kan batir, ka kuma tabbata wayar makirufonka XLR ce mai lafiya wadda ba ta kwanta kan wayar wuta ba. Idan bai ɗauke ba, to mai yiwuwa ƙarar injin ce ke ratso bango, sai a ƙara wa janaretan waya a nisanta shi, a ɗora shi kan tsohuwar taya, fanka kuma a kashe ta daidai lokacin ɗauka a kunna tsakanin baitoci.